Kunyar Ɗan Fari a Ɗakin Jarirai

Ni ce ƴar fari a wurin mahaifiyata, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A Gaffati aka haife ni, gidan manoman gero. In tana so in miƙo mata ludayi, sai ta dubi bango ta ce, "Wai gidan nan ba mai hannu ne?" In masassara ta kama ni, kakata ce mai taɓa goshina, ita ce mai jiƙa mini magani, uwata kuwa tana can bakin murhu tana hura wutar da ta riga ta kama. Ba ƙiyayya ba ce, wannan na sani tun ina ƙarama. Kunyar ɗan fari ce, abin da ta tarar ana yi ke nan: mace ba ta nuna ta damu da wanda ta fara haifa a gaban manya, ba ta kama sunansa, ba ta ba da labarinsa. Amma sanin dalili bai taɓa rage mini zafin abin ba.

Sau ɗaya na kama ta. Ina kwance ba lafiya, kowa ya tafi gona, kakata ta shiga maƙwabta. Na ji tafin hannu mai kaushi a goshina, ya daɗe a wurin, har ya gangaro kumatuna. Ban buɗe ido ba don kada ta gudu. Da ta ji motsi a zaure sai hannun ya ɓace, na ji ta koma tana kankare tukunya.

Da na yi lakwal, wato makarantar boko, na yi aure a cikin garin Damagaram, na haifi tawa ta fari, sai na ce wallahi a kaina wannan abu zai ƙare. Ranar suna da kanta na kira sunan ɗiyata da ƙarfi a gaban surukata, har tsohuwar ta riƙe haɓa. Na goya ta, na yi mata wasa a tsakar gida, mai magana ya yi ta yi. Aka ce ba ni da kunya, na ce na ji. Na zauna da imanin cewa a gidana dai na gama da wannan al'ada.

Aikina lissafi ne, amma ba na kuɗi ba. Ina shugabantar wani ɗan biro, ƙaramin ofis, da ke karɓar dosiyen marasa lafiya, wato takardun jinyarsu, daga asibitocin yankinmu, mu shigar da abin da ke ciki a ordinatar, wato kwamfuta, mu tace, mu nemo inda ake cutuwa a cikin jinyar ita kanta: maganin da aka ba wanda ba nasa ba, allurar da aka maimaita, mara lafiyar da ya lalace a kan gado ba wanda ya lura sai da lokaci ya ƙure. Mu kaɗan ne. Ni ce mai yanke abin da za a tambaya da hanyar da za a bi, ni ce kuma mai sa hannu a kan rapor, rahotonmu na ƙarshe, saboda haka in an yi kuskure wuyana ne. A bayan idona suna ce mini barkono. Na sani, ban kuma ce sun yi ƙarya ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta, abu biyu suka haɗu mini. Ɗiyar nan tawa ta fari ta samu ciki, nata na fari. A cikin watannin nan kuma babban likitan wani asibiti, wanda ba zan faɗi ko wanne ba ne, ya kira ni a kan ɗakin jarirai. Ɗakin dogo ne. Jaririn da aka ga ya ji jiki sosai ana sa shi a gadajen gaba, kusa da mazaunin malaman jinya, inda ake da iskar taimakon numfashi kuma ido na kansa kullum. Wanda aka ga da sauƙi sai a kai shi gadajen ƙurya. To daga cikin na ƙuryan nan ne ake samun waɗanda sukan rikice farat ɗaya, kafin a dawo da su gaba an makara. Wasu a ceto su, wasu a naɗe su a zane a miƙa wa dangi. Tun ranar da na karɓi aikin nan na san a ɗakin da jikana zai iya kwanciya nake bincike, kuma wannan tunani bai bar ni ba har ƙarshe.

Babban likita ya riga ya yanke hukuncinsa. Ya ce in fitar masa da sunayen malaman da ke gardi, wato bakin aiki, a duk lokacin da abin ya faru, shi ya san yadda zai yi da su. Na ce masa, "Likita, ni ba ɗan sanda ba ce. In ka kori mutum ɗaya ka bar ramin da ya faɗa, na bayansa ma zai faɗa." Ya ɓata rai, ni ma na ɓata. Muka rabu a kan zai ba ni dosiyen, ni kuma in kawo masa abin da na gani, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba yana zaton zama ne a gaban na'ura ana danne-danne cikin sanyi. Yawancinsa tsintar tsakuwa ne a cikin wake. Jariran da aka kawo kafin ranar suna ba su da suna, da sunan uwa ake rubuta su, in aka dawo da su bayan suna kuma sai a buɗe musu sabon dosiye, mutum ɗaya ya zama biyu. Wani rubutun ba ya karantuwa, wani shafin ruwa ya taɓa shi. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar aiki, mu zauna muna fifita da kwali. Mataimakina wani Babarbare ne ɗan Birni, sa'ana a shekaru, gwani ne ƙwarai, kuma taurin kansa ya kai nawa. Na sa kowane dosiye mutum biyu su shigar da shi dabam-dabam, a gwama, inda suka saɓa a koma takarda. Ya ce wannan ɓata lokaci ne. Na ce ya fi ɓata sunan wata baiwar Allah a kan kuskuren yatsa.

Da muka gama tacewa, sai muka fara tambaya. Malamar da ke gardi ce? Ba ita ba ce, abin ya watsu a kan kowa. Ranar kasuwa ce, lokacin da ɗaki ke cika? Ba haka ba ne. Ƙanƙantar jariri ce? Ta taɓa kaɗan, amma ba ta bayyana abin ba. Sai da muka raba jariran bisa ko na nawa ne a wurin uwa, sannan abu ya fito fili: ƴaƴan fari ne suka fi yawa a cikin masu rikicewa a ƙurya, yawan da ba za a ce dace ba ne.

Mataimakina ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Madam, wannan ai ba labari ba ne. Masu haihuwar fari yara ne, ba su san komai ba." Na ce mu gwada maganarsa. Muka ware waɗanda suka yi haihuwar fari da shekarunsu, matan da suka yi karatu ko suka jima ba su samu ba, abin yana nan. Muka duba ƙananan yara masu haihuwa ta biyu, babu shi. Ya ce to nisan ƙauye ne. Muka ware na cikin gari, na Kara-Kara da Zengu da Birni, abin bai motsa ba. Akwai kuma wani abu da ya tsaya mini a wuya. A takardar karɓar jariri akwai tambaya, ko yana shan nono. Kusan duk waɗannan an rubuta musu "yana sha", alhali likitoci sun ce jaririn da ciwo ya ci haka, barin nono ne alamarsa ta farko. Da babban likita ya ji wannan sai ya ce ai ga ta nan, malamai ne ke cika takarda ba tare da sun tambaya ba. Na ce ya dakata. Na rufe ordinatar, na ɗauki mayafina, na tafi ɗakin na zauna a kan benci kamar mai jiran wani.

Ban daɗe ina zuwa ba aka kawo wata yarinya daga wajen Dakusa, jaririnta a ƙirji ƙarƙashin mayafi, uwar mijinta na biye da ita da ƙullin kaya a ka. Malama ta tambaya, da kunnena na ji, ta kuma dubi yarinyar ne da ta yi tambayar. "Yana shan nono?" Tsohuwar ta ce, "Yana sha mana, ga shi nan a ƙirji tun safe." Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi da yatsu. Malama ta rubuta, ta nuna musu ƙurya.

Na san wannan sunkuyon, na girma a gabansa. Ba wanda ya yi ƙarya a wurin nan. Malama ta tambaya, tsohuwa ta faɗi abin da idonta ya gani, jariri kuwa yana ƙirji da gaske. Amma ko yana ja ko ya riƙe ne kawai a baki, wannan mutum ɗaya ce a duniya ta sani, ita ce kuma wadda al'ada ta ɗaure wa baki. Na tuna hannun nan mai kaushi da ya ɓace da aka yi motsi a zaure. Kunyar a gaban ido take, in ido ya kau, uwa uwa ce.

Na tashi na gaida tsohuwar, na ce ta zo in nuna mata inda masu jinya ke ɗibar ruwa da inda ake shanya, tunda baƙuwa ce. Kafin mu fita na raɗa wa shugabar malaman jinya, wadda muke ce wa majo, cewa ta sake tambayar yarinyar ita kaɗai. Na ja tsohuwar da hira a bakin famfo, na tambaye ta damina, na tambaye ta ko gero ya yi. Da muka dawo an riga an mayar da jaririn gadon gaba, an sa masa robar iska. Majo ta gaya mini abin da yarinyar ta ce, da ƙyar, tana kallon ƙasa: tun shekaranjiya bai ja ba. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Washegari da hantsi ya cika. Tsohuwar ta naɗe shi tana cewa kwanansa ne ya ƙare, haka ne kuma, ba mai ja da wannan. Yarinyar ba ta yi kuka a gabanmu ba, don kukan ma ba a yarda mata ba. Ni ce na zagaya bayan ginin na yi kukan.

Amma mutuwa ɗaya ba hujja ba ce a aikinmu, komai zafinta. Na fi tsoron amsar da zuciyata ke so fiye da wadda ba ta so, don ita ce mutum ke karɓa ba bincike. Na roƙi majo a ƙara tambaya biyu a takarda: wa ya rako uwar, kuma wa ya amsa. Muka jira damina ta wuce ana tarawa. A gida kuwa cikin ɗiyata na ta girma, har ta dawo wurina goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. In na dawo daga biro in tarar da ita zaune a tabarma ƙafafu sun kumbura, in yi mata tsiya in ce ta cinye mini tuwon gida, ta yi dariya. Ban gaya mata abin da nake bi ba. Ban ga dalili ba, ita da ta tashi tana jin sunanta safe da yamma.

Da bayanai suka taru, na ba mataimakina na ce shi zai yi lissafin, tunda shi ne bai yarda ba, ya nemi duk hanyar da zai ƙaryata ni. Ya yi kwanaki a kai. Wata rana bayan azahar ya shigo ya ajiye takarda a gabana, ya zauna. Ƴaƴan farin da uwa ta amsa da bakinta, wato matan da suka zo da miji ko ƙawa ko su kaɗai, ana gane ciwonsu da wuri kamar na kowa. Waɗanda babbar mace ta amsa musu, su ne ke zuwa ƙurya su rikice. Na ce ya sake daga farko. Ya sake, amsar ba ta canza ba. Sai ya ce, a hankali, matarsa ma ba ta taɓa kama sunan babban ɗansu ba, shi kuma bai taɓa tunanin abin zai iya kashe mutum ba.

A taron da aka kira na faɗi abin da muka gani, na kuma faɗi iyakarsa: ɗaki ɗaya ne, ban ce haka yake ko'ina ba. Shawarata guda ce. Duk mai haihuwar fari, a tambaye ta ita kaɗai, manya su jira a waje har a gama. Babban likita ya ce, "Madam, kina so a tayar mana da asibiti? Tsofaffin nan su ke wanki, su ke kawo abinci, su ke kwana a ƙasa. Ki ce a kore su?" Na ce ban ce a kore su ba, na ce su ɗan fita, gwargwadon shan ruwa. Wani ya ce al'adar mutane ce, a bi ta a hankali. Nan barkonon ya tashi. Na ce ni al'adar nan ba a littafi na karanta ta ba, a cikinta aka raine ni, kuma ban zo in hana kowa kunya ba, mace ta yi kunyarta a gida har ta tsufa, amma ba a kan numfashin jariri ba. Majo ce ta ce ita za ta gwada, in tsofaffi za su zagi wani su zage ta. Ni na rubuta umarnin da hannuna, na kuma ƙara kalmomi uku a ƙarshe don na san halinmu da manyan mutane: ko wace ce.

Ɗiyata ta sauka lafiya, namiji. Aka yi suna, aka ci aka sha, dangin mijinta suka cika gida. Na lura in tana maganarsa "shi" take cewa, ko "yaron". Na tsokane ta na ce, "Ke kuma daga ina? Sunan ya yi miki nauyi ne?" Ta yi murmushi ta kau da kai. Na ɗauka wasa ne, ko gajiyar jego. Ni ke dafa ruwan wanka, ni ke yi masa wanka, ina ɗaga shi ina nuna wa baƙi ina cewa ku duba kumatu, wannan ba ya wasa da nono.

Ba a kai ga arba'in ba, wata safiya na ɗauke shi na ji jikinsa da ɗumi, kukansa kuma ya yi siriri. Ban tsaya jiƙe-jiƙe ba, na sa su a mota muka tafi, ɗakin nan dai da na san dosiyensa fiye da yadda na san ɗakin girkina. Malamar da ke karɓa ta san ni, ta tashi ta gaishe ni. Ta auna shi, ta duba idonsa, ta juya wajen ɗiyata, wadda ke riƙe da shi ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Yana shan nono?"

Na ce, "Yana sha, tun asuba yana ƙirjinta."

Sai da maganar ta fita na ji muryar. Malamar ta ajiye alƙalami. Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, haihuwar fari ce. Ki ɗan fita."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Kin san da wa kike magana? Wannan ɗiyata ce, ba ta ɓoye mini komai. Dokar nan ba don irinmu aka yi ta ba." Ba ta ja da baya ba. Ta ce, "Hajiya, an ce ko wace ce." Na juya wajen ɗiyata, ina jiran ta ce a bar Inna ta zauna. Kanta na ƙasa, tana murza bakin mayafi da yatsu. Na fita.

A waje akwai wata bishiyar dogon yaro da tsofaffi ke zama a inuwarta, waɗanda aka fitar kamar ni. Suka matsa mini a tabarma. Hirar dokar suke yi. Wata mai zane baƙi ta ce ita ta karɓi haihuwar jikoki ba iyaka, yau ga wata ƴar yarinya ta ce mata ta fita. Wata ta ce an ce wata mata ce ƴar lakwal ta kawo abin. Ta farkon ta ce, "Ko wace ce, ba ta san zafin jika ba. Allah ya shirye ta." Suka ce amin. Ni ma na ce amin, idona na kan ƙofa.

Ta taga na ga malamar ta wuce da sauri, na ga an turo tukunyar iska, na ga likita ya shiga yana gyara abin sauraren ƙirji. Ƙafafuna suka ce in tashi, na hana su. Na san duk abin da ake yi a ciki, mataki bayan mataki, na karanta shi a dosiye ba adadi, na kuma san yadda da yawa daga cikinsu suka ƙare. A ranar na gane sani ba ya ɗauke tsoro, ƙara shi yake yi. Na yi ta salati a zuci, tsohuwa mai zane baƙi ta ɓare goro ta miƙo mini, na karɓa na riƙe a hannu.

Majo ce ta fito ta ja ni gefe. Ta ce tun jiya da rana bai ja ba, riƙewa kawai yake yi ya saki. Nonon ya cika ya yi tauri, ɗiyata tana shiga banɗaki tana tatsewa a tsumma don kada a gani. Da asuba ma ya ɗan yi fizge-fizge a hannunta. Sun sa shi a gadon gaba, an fara allurai, an sa masa ƙarin ruwa, za a riƙa ba shi nonon ta ƴar roba a hanci. Na ce, "Zai tashi?" Ta ce, "Hajiya, ke ma kin san ba a faɗa. Amma bai je ƙurya ba."

Haushi ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, da baƙin ciki a ƙarƙashinsa. Na so in shiga in girgiza ta, in ce wa ya koya miki? Ni da na sha zagi a kanki? Duk daren jiya muna ɗaki ɗaya, tsakanina da ke bai fi miƙa hannu ba. Da aka bar ni na shiga, na tarar da ita zaune a bakin gado, shi kuma kwance da robobi, ƙirjinsa na sama da ƙasa da sauri kamar na ɗan tsako. Faɗan ya mutu a bakina. Na ce kawai, "Don me ba ki gaya mini ba?" Ta gyara masa zane. Sannan ta ce, "Inna, na buɗe baki ya fi a ƙirga, maganar ba ta fita. Ban san daga ina abin ya zo mini ba. Kuma na ce ke kin san komai na asibiti, in da wani abu da kin gani."

Na dafa goshinta, na bar hannuna a wurin, ban ɗauke ba ko da na ji mutane na shigowa.

Kwanakin da suka biyo baya ban je biro ba. Mataimakina ya riƙe aikin, kullum ya kira a salula ya tambayi jiki, ba ya ƙara komai. Ina kawo abinci, ina wanki a bakin famfon nan, in likita ya zo zagaye kuma ba sai an ce mini ba, da kaina nake fita. Zazzaɓin ya sauka ya dawo, ya sake sauka. Aka cire iskar. Robar hanci ce ta rage, likita ya ce ba za a cire ta ba sai ya kama nono da kansa, shi ne alamar ya juyo. Kullum ɗiyata tana gwada shi, kullum ya riƙe ya saki.

Wata rana bayan la'asar na dawo da kwanon kunu, na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba, don na ga ta sa shi ƙarƙashin mayafi. Ɗakin cike yake, har da ƙanwar uban mijinta da ta zo dubiya tana zaune a gefe. Na ga ɗiyata ta ɗan zabura, ta cije leɓe. Ta tsaya tana saurare da jikinta. Sannan ta ɗaga kai, ta nemo ni da ido a bakin ƙofa, a gaban kowa, ta kira sunansa, ta ce, "Inna, ya ja."

Na ce alhamdu lillahi. Na ajiye kwanon a bakin ƙofa, na koma ƙarƙashin dogon yaro na zauna cikin tsofaffi.